Gyara Daga Nesa

Isam Hussain ya kai shekara arba'in da uku a duniya bai taɓa taka dusar ƙanƙara ba. Duk da haka, a lokacin sanyin da ya wuce, gani yake babu wanda ya san ciwon injin kwashe ta kamar shi.

Bakanike ne. A Mai Wurno aka haife shi, a bakin kogin Nilu, inda kakanninsa Hausawa suka yada zango a kan hanyarsu ta zuwa Makka, zangon da ya zama gida. Can ya koyi sana'a a jikin injinan ban ruwa, daga baya ya koma Omdurman ya buɗe warsharsa, wato shagon gyara, ya yi suna a gyaran janareto. Da yaƙi ya cinye unguwarsu sai ya ɗauko mahaifiyarsa Nana Khadija, wadda kowa ke kira Inna, da matarsa Fatuma, suka bi ayarin masu gudu zuwa Masar. A wata shaƙƙa, gidan haya mai ɗaki biyu, suka ƙare, hawa na huɗu, a Hadayek el-Maadi. Ya sami aiki a warshar wani Bamisire, Usta Husam, a wani lungu bayan kasuwar Ataba. Mutumin ba shi da mugunta, amma warsharsa ce, kuma Isam da a da yake ba da umarni, yanzu shi ake cewa miƙo sufana.

Ƙanensa Munzir ya riga su fita. Shekara shida kafin yaƙin aka kai shi Kanada tare da matarsa Rawan, suka zauna a Ottawa. Munzir malamin makaranta ne a Sudan, bai taɓa kwance noti a rayuwarsa ba. A can sai ya koma ɗaukar kaya a wani sito. Da sanyi ya gabato, wani maƙwabcinsa ya bar masa tsohon injin kwashe dusar ƙanƙara, shi kuma ya yi magana da gidajen layinsu, yawancinsu tsofaffi, cewa duk ranar da ta zuba zai share musu ƙofar gida da hanyar fitar mota. Da wannan aikin da na siton yake so ya nuna wa ƙungiyar masallacinsu cewa zai iya riƙe mutum uku, don su tsaya masa a kawo Inna da Isam da Fatuma.

Wata rana a watan Nuwamba, wajen ƙarfe uku na yamma, wayar Isam ta yi ƙara yana tsugune a gaban wani janareto. A Ottawa safiya ce. Fuskar Munzir ta cika wayar, hula har gira, hayaƙi na fita daga bakinsa.

"Yaya, ya ƙi tashi. Na ja igiyar har kafaɗata ta mutu."

"Juya wayar in gan shi."

Abin kamar baro yake mai taya biyu, inji a zaune a kansa. A gaba yana da faffaɗan baki, a cikin bakin akwai ƙarfe murɗaɗɗe irin na injin niƙa nama, wanda ke haɗiyar ƙanƙarar ya tura ta baya. A bayan akwai fanka da ke cilla ta sama ta cikin bututu, ta faɗi can gefe. Isam ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Buɗe tankin ka shinshina. Wane irin wari kake ji?"

"Kamar tsohon fenti."

"Khalas. Man bara ne aka bari a ciki, ya daskare a kafireto. Nemo roba da sukurudireba."

Awa guda suka yi. Munzir ya zubar da tsohon man, ya kwance kafireto yana lissafa notuna a kan kwali kamar yadda aka ce masa, ya bi ƙananan ramukan da siririyar waya, ya goge fulogi. Da ya mayar da komai ya ja igiya sau biyu, injin ya yi tari, ya kama. Ƙarar ta fito ta wayar ta cika warshar. Usta Husam ya leƙo daga bayan tebur yana dariya, ya ce da Larabci, "Bakanikenmu ya fara gyara a Kanada yana zaune a Ataba."

Ranar Isam ya koma gida da fara'ar da Fatuma ta daɗe ba ta gani ba. Tun da suka bar Omdurman ba wanda ya nemi saninsa, sai dai hannunsa.

Daga nan kiran ya zama al'ada. Isam ya sa Munzir ya canza baƙin mai, ya koya masa duba bel da yatsa ya ji ko ya saki, ya koya masa sauraron inji ya gane in iska ta yi masa yawa. Ya ce kada ya taɓa tayar da shi a cikin rufaffen gareji, hayaƙin kisa yake. Wasu abubuwan kuma Munzir ne ya kawo daga maƙwabta, kamar barin injin ya yi ta aiki na 'yan mintuna bayan an gama, don ruwan da ke cikin fanka ya bushe kada ya daskare ya riƙe ta. Isam yakan gyaɗa kai ya ce ai haka ya kamata, kamar dama ya sani.

Munzir ya taɓa ɗaukar hoton littafin injin, shafi talatin da wani abu, duk da Turanci, ya turo masa. Ya ce ko zai sami wanda zai karanta masa, shi kalmomin kanikanci ba ya gane su.

"Inji ba ya jin Turanci," in ji Isam. "Mai, wuta, iska. Na Kanada da na Mai Wurno duk uwarsu ɗaya."

A watan Janairu murɗaɗɗen ƙarfen nan na gaba ya daina juyawa, alhali injin na gudu. Isam ya sa aka kawo wayar kusa, ya gano wani siririn noti da ke riƙe ƙarfen a jikin sandarsa ya karye. Munzir ya sayo irinsa ya sa. Bayan kwana huɗu injin ya haɗiyi dutse, notin ya sake karyewa. Sati bai cika ba ya karye na uku, aka bar Munzir tsaye a ƙofar wata tsohuwa da rabin aiki.

"Nuna mini guntun," in ji Isam. Da ya gani sai ya yi tsaki. "Wannan ba noti ba ne, alawa ce. Je ka sayo na ƙarfe mai tauri, daidai kaurinsa."

"Mai shagon ya ce haka ake yin su, Yaya. Wai dama don su karye aka yi su."

"Don ka koma ka sake saye. 'Yan kasuwa ko'ina halinsu ɗaya. Yalla, yi abin da na ce."

Munzir ya yi. Sati uku injin bai sake tsayawa ba.

Ranar Talata ce a watan Fabrairu. A Alƙahira an tashi da hadari mara ruwa, sanyi na shiga ta ƙofar warshar. Isam na kwance famfon wani mai gidan wanka sai wayar ta yi ƙara. A Ottawa an kwana ana zuba, mai nauyi, jiƙaƙƙiya, irin wadda Munzir ke cewa kamar ɗanyen ƙulli take.

"Ya haɗiyi tabarmar roba ta ƙofar gida," in ji Munzir yana haki. "Tana ƙarƙashin ƙanƙara, ban gan ta ba. Ya yi gurnani ya mutu. Saura gida bakwai, Yaya, kuma ƙarfe goma zan shiga sito."

"Jingine wayar in gani."

Munzir ya jingine ta a matakalar gidan. Isam ya ga injin, ya ga baƙar robar ta nannaɗe a ciki, wani ɓangaren ya shige har wajen fanka.

"A kashe yake?"

"A kashe."

"Cire wayar fulogi."

Munzir ya cire ya nuna masa.

"Tamam. Yanzu gawa ce. Zura hannu ta bututun ka jawo robar."

Munzir ya ɗan tsaya. "Akwai wata sanda da ake yi da ita. Wai ba a sa hannu. Tawa ta ɓata tun makon jiya."

"Sanda ba ta jin inda abu ya maƙale. Shekara talatin ina zura hannu a cikin injina, ga yatsuna goma. In babu wuta a fulogi me zai juya shi?"

Safar hannun ta yi kauri, ba ta shiga bututun. Munzir ya cire ta da haƙori, ya durƙusa, ya zura hannun dama har gwiwar hannu. Isam na kallon bayansa yana cewa ja ta hagu, a hankali. Robar ta fara motsi.

Ƙara ɗaya aka ji, gajera, kamar an sare rake. Injin bai tashi ba. Abin da ke cikinsa ne kawai ya juya kaɗan ya tsaya.

Munzir bai yi ihu ba. Ya zaro hannun, ya koma baya ya zauna a cikin ƙanƙara, yana kallon hannun kamar na wani. Sai fari ya fara komawa ja a tsakanin ƙafafunsa.

"Munzir. Munzir, ɗaure shi. Ɗaure da mayafin wuyanka, ɗaga shi sama."

Ko ya ji ko bai ji ba, Isam bai sani ba. Ƙofar gidan ta buɗe, wata tsohuwa ta fito da rigar barci, ta rufe baki da hannu, ta koma ciki da sauri, ta dawo da tawul. Wayar na nan jingine, tana nuna komai. Isam ya tsaya a tsakiyar warshar yana kiran sunan ƙanensa, Usta Husam ya zo ya tsaya a bayansa. Suka ga motar asibiti ta iso, suka ga an ɗauke shi. Wani daga cikin ma'aikatan ya durƙusa gaban injin da leda a hannu, yana neman wani abu a cikin bututun da dogon ƙarfe. Daga baya wata fuska ta cika wayar, ta faɗi magana da Turanci, aka kashe.

Usta Husam ya zaunar da shi a kan durom, ya aika aka kawo shayi. "Ma'alish," yake ta cewa, wato ya yi haƙuri. "Ma'alish, ya Isam." Shayin ya huce a ƙasa.

Ya shiga metro a Ataba, ya canza jirgi, ya wuce tasharsu bai sani ba sai da ya ga Helwan, tashar ƙarshe. Da ya dawo gida Inna na zaune a kan darduma da carbi, ta tambaye shi ko ya tuna da maganin hawan jininta. Ya ce ya manta. Ya shiga ɗaki ya faɗa wa Fatuma a tsaye, da murya ƙasa ƙasa. Ta zauna a bakin gado ta riƙe kai.

Washegari da azahar Rawan ta kira. Ba ta buɗe kyamara ba.

"Yatsu uku sun tafi. Na huɗun sun ɗinka, ba su san ko zai rayu ba. Babban yatsa ne kawai lafiya. Yaya Isam, ya ce da kai yake magana. Kai ka ce ya sa hannu?"

"Ni ne."

Ya ji numfashinta a wayar, da wata na'ura na ƙara a bayanta.

"Kada ka kira shi," ta ce. "Inna kuma kai za ka faɗa mata. Ni ba zan iya ba."

Bai faɗa ba. Duk Juma'a Munzir kan kira Inna bayan sun sauko daga masallaci. Da Juma'a biyu suka zo suka wuce shiru, Isam ya ce mata ƙanƙara ce ta yi yawa a can, aiki ya sha kansa. Inna ta dube shi ta ce Allah ya taimaka. A warsha ya riƙa ɓata aiki. Ya ɗaura bel a juye, ya manta bai zuba baƙin mai a janareton wani ba, Allah ya sa Usta Husam ya lura kafin a tayar. Abin da ya hana shi sukuni shi ne bai gane ba. Ya ga wayar fulogi a cire da idonsa. Injin da ba wuta, me ya juya shi?

Ranar Asabar ya hau mikrobas zuwa Madinat Nasr. Akwai wani ɗalibi ɗan Zariya, Malam Kamilu, magidanci ne da ke karatun fiƙihu, wanda Isam ya taɓa gyara wa famfon ruwan gidansu. Yana jin Turanci. Ya tarar da shi a ɗakin da suke haya su huɗu, littattafai jere a ƙasa har bakin taga. Bayan gaisuwa Isam ya miƙa masa waya ya ce ya karanta masa hotunan nan.

Kamilu ya gyara tabarau. A shafi na biyu akwai zanen hannu da bututu, an ja jan layi a kai.

"Ya ce kada a taɓa sa hannu a cikin bututu ko bakin injin, ko da a kashe yake. In abu ya maƙale, ƙarfin juyin yana nan a ɗaure a cikin bel da sanduna, kamar bakan da aka ja ba a saki ba. Da zarar an cire abin da ya tokare, sai ya saki. A yi amfani da sandar da aka tanada."

"Ci gaba."

A shafi na goma sha tara aka zo kan notin. Kamilu ya karanta a hankali, yana neman kalmomin Hausa. An yi shi da laushi da gangan. In injin ya haɗiyi abu mai tauri, notin ne zai karye, ƙarfin ya zube a nan, komai ya saki. Kada a taɓa musanya shi da noti mai tauri.

Isam ya sa shi ya karanta har shafin ƙarshe, har inda ake bayanin yadda za a ajiye injin in sanyi ya wuce. Sannan ya ba shi labari. Kamilu ya yi salati, ya cire tabarau.

"Usta Isam, ƙaddara ce. Abin da ya same shi ba zai kuskure masa ba. Kuma a shari'a akwai bambanci tsakanin amdu da khaɗa'i, tsakanin ganganci da kuskure. Ba ka nufe shi da sharri ba."

"Malam, mai kuskure shi ne wanda bai sani ba. Ni an miƙo mini sanin na ture. Sau uku. Ya turo littafin, ya faɗa mini maganar mai shago, ya ce mini ba a sa hannu."

Kamilu bai yi musu ba. Ya ce, "To, tsakaninka da Allah istigfari ne. Abin da ke tsakaninka da ɗan'uwanka kuwa, haƙƙinsa ne, shi kaɗai zai iya sauke maka."

Da ya dawo, bayan la'asar, ya tarar da Inna a barandar da ba ta fi tabarma ɗaya ba, tana tsince wake a faranti. Ya durƙusa a gabanta ya faɗa mata komai, bai rage notin ba, bai rage maganar sanda ba. Hannunta ya tsaya a cikin waken.

"Wane hannu?"

"Na dama, Inna."

Ta dubi nata hannun daman, ta juya shi. "Kwana nawa?"

"Goma sha ɗaya."

"Kwana goma sha ɗaya ɗana na kwance ina yi masa addu'ar sauƙin aiki." Ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye farantin. "Tun kuna yara, in ka ce masa ya faɗa kogi zai faɗa. Ka san da haka, Isam. Wanda ake bin maganarsa haka, shi ya kamata ya fi kowa tsoron bakinsa."

Ta dafa bango ta miƙe. Ya miƙa hannu zai taimaka mata, ta kira Fatuma.

Tun daga ranar Inna ke magana da Munzir kullum, a wayar Fatuma, a ɗaki. Isam kan fita ya zauna a matakalar bene har su gama. Daga bakin Fatuma ya ji yatsa na huɗun bai rayu ba, an sake shiga da shi an cire. Daga bakinta ya ji sito sun ce babu aikin da zai iya yi musu yanzu, kuma mutanen masallaci sun ce maganar takardu sai ta jira har a ga yadda hali zai yi. Fatuma ta faɗi wannan tana ninke kaya, ba ta dube shi ba. Ita ce ta fi kowa sa rai da tafiyar.

Ana saura kwana uku azumi, da yamma, wayarsa ta yi ƙara a warsha. Rawan ce, kyamara a buɗe. Tana sanye da rigar sanyin Munzir, ta yi mata yawa. A bayanta ga garejin, ga injin.

"An sake zubawa," ta ce, ba gaisuwa. "Tsofaffin nan sun dogara da mu, wasu ba sa iya fita ko asibiti. Ni nake yi yanzu. Maƙwabcinmu ya cire notinka ya sa na gaskiya, ya sayo mini sanda. Amma ya tafi wurin 'yarsa, injin kuma ya ƙi tashi."

Isam ya ce, "Rawan, ki nemi wani a can. Ni ban san wannan injin ba."

"Babu wani. Ba ni da lokacin tsoronka, Yaya Isam. Faɗa mini abin da zan duba."

Ya zauna a kan durom. Ya tambaye ta sau nawa ta danna robar da ke tura mai. Ta ce ba ta ƙirga ba, da yawa. Ya ce mai ne ya jiƙa fulogi. Ya sa ta janye injin waje, ta kwance fulogin, ta goge, ta bar shi ya sha iska. Kowace kalma sai ya juya ta a baki kafin ya sake ta. Sau biyu yana cewa ta matsa daga gaban injin, ta ce ta ji tun farko. Da ta mayar ta ja igiya, a ja na uku ya kama.

Ta dubi wayar ta gyaɗa kai sau ɗaya, ta kashe. A tagar gidan da ke bayanta ya ga kamar mutum a tsaye bayan labule, amma bai tabbata ba.

Azumi ya zo ya wuce a gidan ba hira. Ranar salla, bayan sun dawo daga idi, Fatuma ta yi asida, tuwon Sudan, da miyar kuɓewa busasshiya, ta rufe ta ajiye, suka zauna jiran gari ya waye a Ottawa. Sai bayan la'asar kiran ya shigo. Isam ya miƙe zai fita kamar kullum, Inna ta ce, "Zauna."

Munzir ya rame. Yana sanye da farar jallabiya, Rawan ce ke riƙe da wayar. Hannun damansa na cikin aljihu. Suka gaisa da Inna, ta sa masa albarka, ta tambayi jiki.

"Nuna mini," ta ce.

"Inna, ba abin kallo ba ne."

"Ni na haife shi da yatsunsa. Nuna mini."

Ya zaro. Babban yatsa ne a tsaye shi kaɗai, sauran wurin a dunƙule, ɗinki ya bi ta kai, fatar ta yi ja da sheƙi. Inna ta kawo wayar kusa da idonta, ta daɗe tana kallo, leɓɓanta na motsi. Sannan ta tofa a hankali a kan gilashin ta shafa.

Munzir ya mayar da hannun aljihu. "Yaya yana nan?"

Fatuma ta juya wayar. 'Yan'uwan suka ga juna karo na farko tun ranar Talatar nan.

"Barka da salla, Yaya."

"Barka da salla. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Ina koyon rubutu da hagu. Kamar na ɗan aji ɗaya."

Isam ya buɗe baki, maganar da ya kwana arba'in yana shiryawa ta watse. Abin da ya fito kaɗan ne. "Munzir, ni na jawo maka. Ka faɗa mini ban ji ba. Ka yafe mini."

Munzir ya dubi ƙasa.

"Ba yau ba, Yaya," ya ce. "Ba wai na ƙi ba ne. In na faɗa yau ƙarya zan yi maka, ga shi ranar salla ce. Ka bar ni tukuna."

"To," in ji Isam.

"Ka kula da Inna. Ta ce ƙafarta na kumbura, a kai ta a duba."

"Gobe in sha Allah."

Aka mayar wa Inna wayar, suka ci gaba da maganar 'yan'uwa da ke Gadarif da waɗanda ba a ji ɗuriyarsu ba. Da aka gama, Fatuma ta shimfiɗa leda a ƙasa ta kawo asidar, ta riga ta huce. Suka zauna su uku. Daga titi ana jin yara na harba abin wasan wuta, masu keken tuk-tuk na ta hon. Inna ta ci loma biyu ta ce ta ƙoshi, ta tambayi Isam ƙarfe nawa asibitin ke buɗewa. Ya ce takwas. Ta ce to su fita da bakwai, saboda layi.